Sharhi: A Bar Kiɗa Ya Bi Mai Rawa



Duk wanda ya tashi a Dingaya ko wani gari na ƙasar Gwaram ya san yadda mai kalangu yake yi a dandali. Idonsa na kan ƙafar mai rawa. In ta ƙara sauri ya bi ta, in ta tsaya cak shi ma ya tsaya. Ya matse tsarkiya a hammata, sauti ya yi sama. Ya sassauta, ya sauko, har kalangu ya kira sunan mutum, mai sunan ya waiwayo. Zabiya na bayarwa, 'yan mata na amshi da tafi, kowa na sauraron kowa.

Je ka gidan biki yau. Lasifika ce da janareto da filashi. An gama waƙar tun a situdiyon Kano da fiyano, mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki. Ba na raina wannan, domin samari da yawa da shi suke cin abinci. Abin da ke damuna shi ne, wannan kiɗan ba ya ganin kowa. Ko amarya ce ta shigo fili, ba zai jira ta ba.

A wasu ƙasashe, masu na'ura sun daɗe suna neman abin da mai kalangu yake da shi a hammata. A 1920 wani ɗan Rasha, Lev Termen, ya ƙera abin kiɗan lantarki da ba a taɓa shi: hannun dama na yawo a iska kusa da wani ƙarfe yana ɗaga sauti ko saukar da shi, na hagu na ƙara ƙarfinsa ko rage shi. Mawaƙiyar Ingila Imogen Heap kuwa, tun 2011 take hawa dandamali da safar hannu mai na'urorin jin motsi, wadda daga baya aka sa wa suna Mi.Mu. Takan rera baiti, ta kama muryarta da hannu, muryar ta yi ta maimaituwa. Ta lanƙwasa yatsa, sauti ya sauya. Rawarta ita ce kiɗanta.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. 'Yan Koroso da abin da suka ɗaura a ƙafa suke ƙara wa kiɗa armashi, kowane taku da amonsa. A Birnin Kudu ma, kusa da zanen shanun da ke jikin duwatsu, akwai duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956.

To, ga inda nake son ɗalibanmu na kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse su kasa kunne. Abin da ke juya hoto in ka kwantar da wayarka, shi ne irin na'urar jin motsin da ke cikin safar nan. Yana aljihunku. Ku ɗaura shi a idon sawun mai rawa, ku haɗa da lasifika. Amma kafin ku rubuta manhaja, ku je ranar kasuwa ku zauna gefen rumfar mahauta, ku gaida mai kalangu, ku ce: "Baba, nuna mana yadda kake matse tsarkiya."