Launi a Hannun Yaro

A makarantun firamare da dama na ƙasar Hausa, an san yadda darasin zane zai ƙare tun kafin a fara shi. Malami zai ɗauki alli ya zana kofi ko tukunya ko mangwaro a jikin allo, ya rubuta sunan abin a ƙasa, sannan ya umarci yara su kwafa. Wanda nasa ya yi kama da na malam ya sami takwas bisa goma, wanda nasa ya karkace ya sami uku, wani lokaci har da ranƙwashi. Da haka yaro ɗan shekara shida yake yanke wa kansa hukuncin cewa shi bai iya zane ba, alhali kuwa ba a taɓa ba shi launi a hannu an bar shi da shi ba. Wannan kwafe ne, kuma bai kamata malamin gobe ya gaje shi da sunan koyar da fasaha ba.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta fara fitowa a 1977 kuma aka sha yi mata kwaskwarima, ta ambaci cusa wa ƙaramin yaro son bincike da ƙirƙira ta hanyar zane da waƙa da wasa. Masana ma sun daɗe da bayyana dalili. A littafinsa na 1947, Viktor Lowenfeld ya nuna cewa yaro yakan fara da shirme a takarda daga shekara 2 zuwa 4, sannan daga 4 zuwa 7 ya shiga laluben siffofin da za su tsaya a madadin abubuwan da ya sani. A wannan matakin ne ake ganin mutum mai ƙaton kai da ƙafafu biyu da suka fito daga haɓa. Yaron ya zana abin da ya fi muhimmanci a wurinsa ne. Malamin da ya karɓi fensirin ya gyara masa wuya da kafaɗa ya katse masa tunani, kuma abin da yaron zai koya kawai shi ne ya riƙa jira babba ya yi masa.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne rashin kayan aiki. Gaskiya ne fentin kanti yana da tsada, kuma makarantu da yawa ko alli da ƙyar suke samu. Sai dai wannan uzuri ba ya da ƙarfi a ƙasar da marinar Ƙofar Mata ta Kano ta shafe ɗaruruwan shekaru tana rini da baba, ƙasar da dukawa ke jan fata da karan dafi, magina ke yi wa bangon soro ado a Zariya da Damagaram, almajiri kuma yake dafa tawadarsa da kansa, har in ya sauke a yi masa allon zayyana mai launi iri-iri. Jar ƙasa tana ba da ja, farar ƙasa fari, dakakken gawayi baƙi, gangamau rawaya, bular wanki shuɗi, ruwan zoɓo kuma ja mai duhu. Abin da ake buƙata kawai shi ne a tankaɗe garin ya yi laushi, a dama shi da ruwan ƙaro ko ɗan sitaci domin ya kama takarda. Tsinken da aka daddaƙe bakinsa kamar asuwaki ya isa burushi, haka ma gashin kaza. Takarda kuwa, ga kwalaye da bayan tsofaffin kalandu, muddin malami ya duba ya ware duk wadda ke ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah.

Daga cikin ayyukan da za a iya yi da waɗannan kayan, babu wanda ya dace da ajin ƙananan yara kamar dangwale, wato a shafa wa wani abu launi a danna shi a takarda ya bar siffarsa. Idan aka yanka kuɓewa a gicciye aka dangwala, sai ta fitar da fure mai 'yan ramuka. Rabin albasa zobba take fitarwa, wani cikin wani. Ganyen mangwaro da aka shafa wa launi ta baya yana nuna jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, totuwar masara da aka mirgina tana barin zubi irin na saƙa, ga kuma murfin kwalba da tsohon soso da tafin hannun yaron kansa. Falalar wannan aiki ita ce ba ya kunyata kowa. Yarinyar da hannunta ke rawa in ta riƙe fensir za ta iya danna kuɓewa ta ga abu mai kyau ya fito, ta sake dannawa ya sake fitowa. Daga maimaitawar ne tsari yake shigowa: ja biyu, baƙi ɗaya, ja biyu, baƙi ɗaya, wanda shi ne farkon lissafi. Kada kuma a raina sana'ar don an gan ta a hannun yara. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi suna a duniya da fasahar buga zane, a Zariya ya yi karatunsa tun ƙarshen shekarun 1950.

Wani zai ce mene ne ruwan malamin Hausa da wannan, a lokacin da ake kukan yara suna gama firamare ba su iya karatu ba? Kukan gaskiya ne, amma ruwansa yana da yawa. Rubutu aikin yatsu ne kafin ya zama aikin ƙwaƙwalwa, kuma hannun da ya saba da dannawa da jan layi da lanƙwasa shi ne zai iya ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Bugu da ƙari, yara sukan rikita b da d, kuma ɗan Bahaushe baƙaƙe huɗu ne masu kama da juna a gabansa, ba biyu ba. Idan malami ya sassaƙa b a kan rabin dankali ya ba yaro ya buga, d ce za ta fito a takarda. Mamakin da yaron zai yi da tambayar da za ta biyo baya sun fi duk wani bayani a allo tasiri. Haka nan harshe yana buɗewa a gefen launi. A nan ne ake jin ja wur da baƙi ƙirin da fari fat da kore shar, a nan ne ruwan goro da ruwan toka da ruwan ɗorawa suke samun ma'ana, domin ga su a ido. Maimakon malami ya tambayi yaro, “Mene ne wannan?”, tambayar da ke nuna masa cewa zanen bai fito ba, gara ya ce, “Yaro, ba ni labarin abin da ka yi.” Jimla biyu ko uku da zai faɗa, idan malami ya rubuta su a ƙasan takardar, sun zama abin karatunsa na farko, kuma nasa ne.

Akwai damuwoyin iyaye da bai dace a yi watsi da su ba. Wasu ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini. Dangwale ya kauce wa wannan tun daga tushe, tunda ganye ne da zobba da zubi irin na zayyana da dagi. Wasu kuma za su ce ana wasa da abinci, kuma suna da hujja. Saboda haka sai a nemi kan kuɓewa da gindin albasa da ake zubarwa, da dankalin da ya fara lalacewa.

Inda babu sassauci shi ne lafiyar yara. Wuƙa a hannun malami kaɗai za ta kasance, kuma a gida zai yi yankansa ya zo da shi. Fentin mai da baƙin cikin batir da kwalli duk ba su da wuri a ajin yara, domin ƙaramin yaro ba ya raba hannu da baki. Ƙasar da za a ɗebo ma a san inda ta fito. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga ƙurar duwatsun zinariya ta fito, don haka ba a ɗiban ƙasa mai launi kusa da wurin haƙar ma'adinai, komai kyanta.

Ajin da ke da yara saba'in ba zai hana aikin ba idan aka raba su rukuni-rukuni a ƙarƙashin inuwa, kowane rukuni da launi biyu a murafan gwangwani, ga bokitin ruwa a gefe, aka kuma sa darasin dab da tashi. In an gama a shanya takardun a igiya, na kowa da kowa, ba na gwanaye biyar kaɗai ba. Sai dai ɗalibin da bai taɓa dama jar ƙasa da hannunsa ba, ba zai yi ƙarfin halin yin haka a gaban yara ba. Ya kamata kwalejojin ilimi su sa kowane ɗalibi, har da na sashen Hausa, ya haɗa launinsa ya buga takardarsa kafin a tura shi koyarwar gwaji, domin gwargwadon ƙaro da hannu ake gane shi: in ya yi kaɗan launin ya kakkaɓe bayan ya bushe, in ya yi yawa takardu su manne da juna.