Alƙalamin likita na cinye rumbun talaka a Damagaram

Ranar 1 ga Satumba 2024 dokar da ta zabge rabin kuɗin ganin likita, awo, gado da aikin tiyata a asibitocin gwamnatin Nijar ta fara aiki, haihuwa kuma ta koma kyauta. Jama'a sun yi murna, sun kuma yi gaskiya. Amma duk wanda ya taɓa jinya a Damagaram ya san ba a tagar biyan kuɗi talaka ke zubar da hawaye ba. A ƙofar farmasi yake zubar da su, riƙe da takardar da aka rubuta masa cikin minti biyu. Wannan takarda, odonans, babu dokar da ta rage mata ko dala. Kuma ba daga Yamai ake aiko da ita ba. Ɗanmu ne ke rubuta ta, wanda ya tashi a Birni ko Zango ko Garin Malam, wanda ya san kuɗin tiyar hatsi a watan Agusta sarai.

Ku dubi mutumin da ya taso daga ƙauyukan Tanut ko Gure da yaro a kafaɗa. Kafin ya hau mota ya sayar da akuya. Kuɗin mota ya ci wani abu, kabu-kabu ya ci, abincin mai jinya ya ci. Sai a miƙo masa takarda mai layi bakwai: maganin masassara, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ƙarin jini, na buɗe ciki, sirop na tari, ledar ruwa, allura. Ba wanda ya tambaye shi nawa ya rage a aljihunsa. Ba wanda ya nuna masa da yatsa ya ce, “Baba, wannan da wannan su ne ran yaron, sauran in hali ya yi.” A farmasi a ce masa jika 20, shi kuwa jika 6 gare shi. Me zai yi? Zai zaɓi masu araha, tunda ba ya karanta faransanci, ya bar na ainihin a kan kanta. Ko ya gangara Kasuwar Dole wajen masu tallar magani a faranti, inda rana ta gama dafa ƙwayoyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2017 cewa ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Likitan da ya cika takarda ba tare da tunani ba, shi ya tura mutumin nan can.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan da ake rubutawa. Doliprane farasitamol ne. Efferalgan ma farasitamol ne. Duk ɗalibin da ya zauna ajin likitanci a Jami'ar André Salifou ya san haka. Idan aka rubuta sunan kamfani, mai farmasi zai ɗauko kwali mai sheƙi. Idan aka rubuta sunan maganin na asali, talaka zai samu irinsa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna, Nijar ma tana da nata jerin, tana da hukumar ONPPC da aka ɗora wa alhakin sayo su. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin maganin waje ya yi tashin gwauron zabi, aka yi ta wa'azin komawa ga magunguna masu araha. Shekara 30 ke nan da ɗoriya. To me ya hana hannu rubutawa? Wani sabo ne kawai. Wani kuwa, mu faɗi gaskiya, wakilin kamfanin magani ne ya shigo masa ofis da jaka, ya bar alƙalami da kalanda da gayyatar walima, sunan kayansa ya manne a ka. Kuɗin walimar nan daga kuɗin akuyar mutumin Tanut ya fito.

Sai zancen zazzaɓi. Tun 2010 ƙa'idar duniya ta ce a auna jini kafin a ba da maganin cizon sauro, awon nan na gaggawa kuwa bai fi minti 20 ba. Duk da haka akwai masu haɗa komai wuri guda, wai in wannan bai kama ba wancan ya kama. Allurar seftiriyazon, wadda ya kamata a ɓoye don ciwo mai tsanani irin sanƙarau, ta zama abin yi wa mai mura. Jihar nan ta ga sanƙarau a 2022 da 2023, ta ga mashaƙo a Matamai. Ranar da ƙwayoyin cuta suka saba da magungunan nan suka daina jin su, da me za mu tare annoba? A lokacin sai an nemo mai tsada ninki-ba-ninki, kuma wa zai biya in ba mu ba?

Akwai kuma awon da ake maimaitawa don kawai ba a nan aka yi na farko ba, da hoton ciki da ake cewa “je ka kilinik kaza, nasu ya fi fitowa”, alhali mai maganar yana da ƙafa a can da yamma. Wannan ba sakaci ba ne, cin amana ne.

Na san abin da likitoci za su ce, kuma akwai gaskiya a bakinsu. Tun shirin Bamako na 1987 da dokar 1995 aka ɗora wa gidajen likita su riƙe kansu da kuɗin majinyata. A zamanin Tandja Mamadu aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, aka ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki a 2006, bisa alƙawarin gwamnati za ta biya asibitoci daga baya. Biyan ya riƙa makara, bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantocin magani na asibitoci suka bushe, sai kyautar ta koma takarda a hannun uwa a ce ta je ta sayo. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mu dai ba mu gan shi ba. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsare kaya a tashar ruwan Kwatano, magani ya yi wuya. Ma'aikaci guda na iya duba layin da ya kai bakin ƙofa a lokacin damina, ku tambayi waɗanda suka yi aiki a Magarya ko Mirya lokacin da masassara da tamowa suka haɗu. Na kuma san majo-majo, masu riƙe da gidajen likita na ƙauye, da ke ciro kuɗi daga aljihunsu su sayi allura don kada yaro ya mutu a hannunsu. Allah ya saka musu.

Amma duk wannan hujja ce a kan likita, ba kariya gare shi ba. Inda magani ya yi ƙaranci, kuɗi ya yi ƙaranci, a nan ne kowane layi na odonans ya kamata ya sha tambaya kafin a rubuta shi. Bashin gwamnati bai tilasta wa kowa rubuta sunan kamfani ba. Rufe iyaka bai sa kowa ya ƙara sirop na buɗe ciki ba.

Mu ma majinyata da namu laifin, mu da ke ganin likitan da bai yi allura ba bai iya aiki ba, mu raina wanda ya ce a je a sha ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki don zawon yaro. Sai dai mai ilimi ne ya kamata ya ja mu, ba mu mu ja shi ba.

Ina kira ga hukumar lafiya ta jihar Damagaram da shugabannin babban asibitin ƙasa da asibitin uwa da yara: ku riƙa ɗibar takardun magani kowane wata kuna ƙirgawa, layi nawa, allura nawa, sunan kamfani nawa, ku zaunar da mai takarda ku tambaye shi dalili. Ku liƙa farashin magunguna masu araha a bangon kowane ɗakin duba marasa lafiya, da faransanci da Hausa da ajami. Ku hana wakilan kamfanoni shiga ofis a lokacin aiki. Wanda aka kama yana karkatar da majinyata zuwa kilinik ɗinsa, a hukunta shi a bainar jama'a.