Waƙa ta zo ta ɗaya, amma an ƙirga da mu?

Duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon jarrabawa ya san yadda gaba ke faɗuwa kafin a ji wa ya zo na ɗaya. To, su ma waƙoƙi haka ake jera su duk mako, kuma yau a kan wannan jerin za mu tattauna.

Bari mu fara da misali daga Amurka. Ranar 14 ga Mayun 2021, wata mawaƙiya 'yar shekara 18, Olivia Rodrigo, ta saki waƙa mai suna Good 4 U. Salon kiɗan shi ne wanda ake kira pop-punk, wato jita mai lantarki da ganguna masu gudu, da amshi mai saurin zama a baki. Salon ya yi tashe a shekarun 1990 a hannun ƙungiyoyi irin su Green Day da Blink-182, har wasu sun ɗauka kasuwarsa ta watse. Sai ga waƙar yarinyar nan, a makonta na farko, ta haye saman Billboard Hot 100, jerin da ake fitarwa tun 1958. Mako ɗaya ta yi a can, waƙar Butter ta samarin BTS na Koriya ta Kudu ta ture ta. A Birtaniya kuwa sai da ta yi mako 5 tana ta ɗaya.

Ta yaya ake gane wadda ta zo ta ɗaya? Ba wasu alƙalai ke zama su zaɓa ba. Lissafi ne na abu uku: mutum nawa suka sayi waƙar, sau nawa gidajen rediyo suka sa ta, sau nawa aka saurare ta a manhajoji irin su Spotify da YouTube. A Najeriya ma akwai kamfanin TurnTable da ke irin wannan lissafin tun 2020.

Yanzu mu dawo gida. A Darini da sauran garuruwan Batsari da Safana, ta ina sabuwar waƙa ke iso mana? Mutum ɗaya ya je kasuwa, mai tura waƙoƙi ya cika masa memori. Kafin magariba ta zaga wayoyin unguwa ta Xender, ta shiga gidan biki, ta hau babur. Lokacin kullen korona a 2020, wa bai ji Jaruma ta Hamisu Breaker ba? Amma duk sauraron da aka yi ta memori, babu na'urar da ta ƙirga shi.

Ku tuna kuma, a watan Satumba na 2021 ɗin nan, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Mun yi watanni babu kira, balle intanet. Ba mu daina jin waƙa ba, amma a idon masu lissafi kamar babu mu.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Mawaƙi na samun kuɗi ne gwargwadon sauraron da aka ƙirga. In ba a ƙirga ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shi ya biya sutudiyo, mai tura waƙa ya ci riba.

Saboda haka, in kun ji an ce waƙa ta zo ta ɗaya, ku tambaya: a ina, kuma su wa aka ƙirga? Marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa, ya rasu a 1999 ba tare da irin wannan jerin ya auna shi ba, har yau kuwa ana jin sa. Sannan duk ranar da kuka samu ɗan data, bayan an gama bitar karatu, ku saurari mawaƙin da kuke so a shafinsa na asali. Sauraro ɗaya ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.