Ziyarar Ba-Zata Ita Ce Garkuwar Wanda Aka Tsare

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya haramta zalunci, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

A Amurka an daɗe ana taƙaddama a kan ko ɗan majalisa yana da ikon shiga gidajen da ake tsare baƙin haure ba tare da sanarwa ba. Sashe na 527 na dokar kasafin kuɗi ta 2024 ya hana Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida tare wa 'yan majalisa ƙofa, bai kuma wajabta musu sanarwa ba. Ma'aikatansu kaɗai ake iya neman su ba da sanarwar awa 24. Sai ga shi a watan Yunin 2025 hukumar shige da fice ta ICE ta buƙaci awa 72, daga bisani aka mayar da wa'adin kwana bakwai. 'Yan majalisa 12 suka garzaya kotu a watan Yuli, a Disamba kuma mai shari'a Jia Cobb ta dakatar da sharaɗin.

Mu a ganinmu, binciken da aka sanya wa rana ya tashi daga bincike ya koma karɓar baƙi. Kwana bakwai sun isa a share ɗakuna, a gyara girki, a sauya wa mai ƙorafi mazauni.

Magabatanmu sun san haka. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya shawarci Halifa Haruna Rashid a Kitabul Kharaj da a riƙa ba fursunoni kuɗin abinci hannu da hannu duk wata, ta hannun amintacce mai riƙe da sunayensu, domin idan gurasa aka bayar, masu tsaron gidan za su cinye. Malaman fiƙihu kuma sun ce daga ayyukan farko na sabon alƙali akwai duba lamarin waɗanda ke tsare. Kafin su duka, Annabi (SAW) ya tsare Sumama bin Usal a jikin ginshiƙin masallaci, a idon jama'a, yana zuwa da kansa yana jin ta bakinsa. Duk inda ido ba ya kaiwa, nan zalunci ke yin sheƙa.

Hukumomi suna kafa hujja da tsaro, wasu kuma na zargin 'yan siyasa da neman suna. Wannan magani gare shi: a tantance mai ziyara, a caje shi, a hana ɗaukar hoton wanda bai yarda ba. Amma a bar masa zaɓin lokacin zuwa, a kuma bar shi ya gana da tsararru a keɓe. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Lamarin bai yi nisa da mu ba. 'Yan'uwanmu da dama sun kwana a Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, wasu a gidajen tsara na Libiya. Rashin takardu ba ya cire wa ɗan'adam karamar da Allah Ya yi masa. Wajibi ne mu tambayi wakilanmu: yaushe rabonku da leƙa gidajen gyaran hali da ɗakunan tsara na mazaɓunku ba tare da an san da zuwanku ba?

Allah Ya yaye wa duk wanda ke cikin ƙunci. Wallahu a'alam.