Ɗaliban Gadar Kennedy

Malam Edita,

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin dimokuraɗiyyar Nijar, sunayen 'yan siyasa ne ke cika shafi, ɗalibai kuwa sai a ba su layi guda. Wannan ba adalci ba ne.

Ranar Juma'a, 9 ga Fabrairun 1990, ɗaliban Jami'ar Yamai suka fito daga unguwar Harobanda za su tsallaka Gadar Kennedy zuwa cikin gari. Kukansu na kuɗin tallafin karatu ne da tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ali Saibou ta runguma. A kan gadar jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, uku suka rasu, da dama suka jikkata.

Gwamnati ta zaci an kashe wutar, ashe fetur aka zuba mata. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta haɗa kai da ta ƙwadago, USTN, aka shiga yajin aiki da zanga-zanga ba ƙaƙƙautawa. Kafin shekarar ta ƙare, Ali Saibou ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Taron Ƙasa na 1991 ya biyo baya, kuma ɗalibai sun zauna a zaurensa kafaɗa da kafaɗa da dattawan da suka haife su. A 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane shugaban ƙasa.

Abin takaici, wasu shugabannin ɗalibai na baya-bayan nan sun fi sanin ƙofar gidan ɗan siyasa fiye da ƙofar ɗakin karatu. Ya kamata mujallar nan ta nemo waɗanda suka taka gadar a ranar, ta ji daga bakinsu tun suna raye.

Wani mai karatu,
Damagaram