Hanyar burji da keke: abin da muke raina, wasu ke biyan kuɗi su samu



Kwanan baya a fadarmu wani yaro ya nuna muna bidiyo a wayarsa. Turawa ne da yawa bisa kekuna, sun bar kwalta mai santsi sun shiga hanyar tsakuwa, ƙura ta turnuƙe, fuska duk ta yi ja. Wani dattijo da ke zaune ya leƙa ya ce, "To waɗanga me aka yi musu? Motarsu ta lalace ne?" Aka yi dariya. Da aka ce mishi ai wasa ne suke, har ma kuɗi suke biya, sai ya girgiza kai ya ce shi ya shekara talatin yana wannan wasa daga ƙauyensu zuwa kasuwar Maraɗi, ba wanda ya taɓa ba shi ko kwalin shayi.

Maganar dattijon ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Wannan wasa na tuƙa keke a hanyar da ba kwalta ya zama babban abu a duniya. A jihar Kansas ta Amurka ana wata gasa tun 2006, mutum ya tuƙa sama da kilomita 300 a hanyar tsakuwa. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya. A Kenya ana yin irinta a yankin Masai Mara. Abin da suke nema guda uku ne: hanya marar cunkoson motoci, bakin ruwa ko tuddai masu kyan gani, da wurin tarihi da za a tsaya a sha ruwa a ji labari. To dan Allah, a cikin ukun nan wane ne ba mu da shi?

Mu ɗauki Gulbin Maraɗi. Yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar ta Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya haɗe da Rima. Wanda ya fita da keke bayan sallar asuba a watan Disamba, ya bi hanyoyin fadama, zai ratsa gonakin zogale na Jiratawa, da mangwaro, da lambunan tumatir da albasa, ya gamu da amalanken shanu da mata masu tallar nono. Kafin rana ta yi zafi ya isa Tafkin Madarunfa, abin da bai kai kilomita talatin ba daga birni. A kewayen tafkin ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyara har daga Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikin matasan da ke zaune a fadojin Maraɗi dare da rana, nawa ne suka taɓa taka wurin?

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Tsibiri, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Nan Gobirawa suka kafa sabon birninsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kamar yadda sarakunan Katsina suka zauna Maraɗi bayan jihadi. Shi kansa birnin Maraɗi da muke ciki ba nan yake ba tun asali. A cikin kwarin gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu. Yaro zai iya haddace wannan a lakwal ya manta bayan jarrabawa. Amma wanda ya gangara kwarin da ƙafarsa bisa feda, ya kuma sha wahalar hawowa, ya san abin da ake nufi da "an hau tudu", kuma ba zai manta ba.

Sauran jihohi ma ba a bar su baya ba. Damagaram na da Birni da fadar Sultan da manyan duwatsun nan, ga Mirriya da lambunanta kusa. A ƙasar Tasawa akwai Maijirgi, inda tafiyar Voulet da Chanoine ta ƙare a 1899. Can Arewa, wajen Dogon Dutsi, akwai Lugu ta Sarauniya. Adar kuwa ita ce uwar tuddai, wanda ke son ya gwada ƙarfin cinyarsa sai ya nufi Keita ko Buza, ko ya je ya ga masallacin ƙasa na Yama wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Yanzu ga inda muke so a fahimce mu da kyau. Ba cewa muke a gyara hanya don Turawa masu yawon buɗe ido su zo ba. Wannan mafarki an sha sayar muna da shi, kuma kowa ya san halin da ake ciki. Mu kanmu muke nufi. Matsalarmu ita ce mun mai da keke alamar talauci. Saurayi ya gwammace ya ci bashin man ruwa-ruwa ya hau babur ya je inda ƙafa ma za ta kai shi, da a gan shi bisa keke. Ma'aikaci in ya zo biro da keke sai a fara tambaya ko lafiya. Amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kowa ya ji a aljihunsa, kuɗin kabu-kabu ya tashi. Ga kuma hawan jini da ciwon suga da suka shigo gidajenmu, likita na cewa a motsa jiki, mu kuma muna jin kunyar abin da zai motsa shi kyauta. Maƙwabtanmu na Burkina ba su da wannan kunya. Suna Tour du Faso tun 1987, kuma a Wagadugu mace da namiji, babba da yaro, kowa na hawa abinsa.

Za a ce muna, "Ku kuna maganar wasa, alhali mutanen ƙauye wahala suke sha a hanyoyin nan." Gaskiya ne, kuma shi ya sa ma muke maganar. Hanyar da ɗan birni zai bi ranar Lahadi don nishaɗi, ita ce ɗalibi ke bi kullum zuwa kwaleji a wani gari, ita ce mai faci da mai kifi da mai itace ke bi. In damina ta yanke ta, mai naƙuda a amalanke ake ɗaukarta. Muddin masu faɗa a ji ba su bin hanyar, ba wanda zai yi maganarta. Ran da malamai da ƴan kasuwa da ma'aikatan meri suka fara cin ƙurarta suna sauka suna tura keke a inda ruwa ya zaftare, to ran nan za a fara jin ƙorafi a inda ake jin shi.

Sai maganar da ba a so, wato tsaro. Ba za mu yaudari kowa ba: yankin iyaka na Madarunfa da Gidan Runji ya sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, musamman wajen dajin Baban Rafi. Akwai wuraren da ba a zuwa yanzu, ko da keke ko da mota. Duk wanda zai shirya fita ya tambayi mutanen wurin da hukuma tukuna, a tafi a ƙungiya, a fita da safe a komo kafin azahar, in an ce kar a bi nan to kar a bi. Taurin kai ba jarumta ba ce. Amma kuma kar tsoron daji ya hana mu fadamar da ke bayan gidanmu.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗi. Rairayin tudu ba ya tuƙuwa, sai dai a sauka a tura, don haka hanyar burji da ta laka busasshiya ake nema. Ƙaya kuma ba ta da tausayi, wanda ya fita ba famfo ba kayan faci zai komo a ƙasa yana jan keke. Lokacin kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Wanda ya ce zai yi wannan a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, to ya fara yin wasiyya. Keke mai tsada kuwa ba dole ba ne. Tsohon keken nan mai kariya na baba, wanda ke ɗaukar buhun hatsi, ya fi da yawa daga cikin na yayi jure burji.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ƙungiyoyin matasa da fadoji su zaɓi hanya guda a kowane gari, su auna ta, su san inda rijiya ko famfo yake da inda mai faci ke zama. A je a gaida mai gari kafin a fara ratsa mishi ƙauye da ayari. A wurin kaburbura a sauka, a shiga da ladabi da suturar kirki, a nemi masu kula da wurin su ba da labari da bakinsu, a kuma ba su abin goro. A sayi fura da ƙosai a ƙauyen maimakon a ɗauko komai daga birni. Ƴan mata ma a ba su wuri, tun da da yawansu da keken suke zuwa makaranta. Meri kuma ba mu ce ta kawo miliyoyi ba, allo ne na ƙarfe mai nuna suna da nisa, da tifa biyu na burji a inda ruwa ya ci.

Mu dai a fadarmu mun sa rana: Lahadin farko bayan an gama girbi, in Allah ya kai mu, daga Maraɗi zuwa Jiratawa mu komo. Dattijon nan ya ce zai zo, amma da sharaɗin shi zai shiga gaba, don a cewarsa mu ba mu san inda rairayi yake ba.