Gaya, baƙo da jita-jitar satar mazakuta

Gaya ta Nijar gari ne da baƙo ke ciyar da shi. Kogin Kwara ne kawai ya raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa. Dendawa, Zabarmawa, Hausawa, Fulani da Yarbawa duk kasuwa ɗaya suke ci. Da aka rufe gadar kogin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, 'yan kwale-kwale, 'yan kabu-kabu da 'yan dako suka koma bakin ruwa, ciniki ya ci gaba. Kowane ciniki a wurin da sallama da musabaha yake farawa, sau da yawa tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Shi ya sa ya kamata irin wannan gari ya yi hattara da jita-jitar da ta shafe shekara 50 tana kewaya Afirka: wai akwai masu sace wa namiji mazakuta ta hanyar gaisawa ko gogar kafaɗa.

Kusan ko'ina hanya ɗaya take bi. Wani ya gaisa da baƙo, ya ji gabansa ya faɗi, ya kama wando ya kwarma ihu. Kafin a ce kwabo jama'a sun taru da sanduna da duwatsu. Likitan ƙwaƙwalwa Sunday Ilechukwu ya ci karo da irin wannan ƙara a Kaduna tun 1975. A 1996 abin ya ɓarke a Kamaru, a 1997 ya ratsa Gana, Kwaddibuwa da Senegal, aka kashe mutane a kan titi. A Nuwamban 2001 ya isa Kwatano, tashar jirgin ruwan da kayan 'yan kasuwar Gaya suka daɗe suna sauka, aka hallaka mutum biyar. A 2023 kuma Abuja ta ɗauka, har 'yan sanda suka gurfanar da gomman masu ihun ƙarya a kotu. Duk inda aka kai mai ƙara gaban likita, sai a tarar komai na nan lafiya lau.

Akwai abin da ya kamata ya tsaya wa Bahaushe a rai. Masanin halayyar al'umma ɗan Faransa, Julien Bonhomme, wanda ya fitar da littafi kan lamarin a 2009, ya nuna cewa a ƙasashe da dama Hausawa ne kan gaba cikin waɗanda ake zargi. Ɗan koli, mai gyaran takalmi, mai tallar magani, duk wanda ya zo da doguwar riga da harshen da ba a ji. A Kwatano kuwa 'yan ƙabilar Ibo aka far wa. Ko'ina dai baƙo ne ke shan duka. Ɗan Gaya da ya yi wa wani ihu a tasha yau, gobe shi ne baƙo a Paraku ko Lome.

Kafafen labarai ba su ƙirƙiri wannan tsoro ba, amma su suka yi masa ƙafafu. A 1997 jaridu sun riƙa buga labarin da manyan baƙaƙe a shafin farko, wasu ma kamar tabbataccen abu ne. Wanda ya karanta ya koyi alamomin da zai ji a jikinsa, ya koyi irin mutumin da zai zarga, ya koyi kalmar da zai furta. Har jaridar da ta fito don ƙaryatawa ta kai labarin garin da bai taɓa jin sa ba. A 2003 saƙonnin salula ne suka baza shi a birnin Khartum na Sudan. A 2004 wani ɗan'uwansa ya ɓulla a Najeriya, wai akwai lambar da in ka amsa kiranta ka mutu, mutane suka daina ɗaukar kiran da ba su sani ba.

Yau saƙon murya na WhatsApp ya fi duk waɗannan sauri. Ba ya bukatar mutum ya iya karatu. Yana zuwa da Hausa, Zabarmanci ko Dendanci, cikin muryar da ke rantsuwa da Allah cewa a gabanta aka yi, ba suna, ba rana, ba unguwa. Mai tura shi kuwa gani yake alheri ya yi wa 'yan'uwa.

Illar ba ta ƙarewa a ranar da aka watse. A garuruwan da jita-jitar ta ratsa, maza sun riƙa tafiya hannu a aljihu, suna ƙin miƙa hannu, suna kau da kai in baƙo ya tambayi hanya, masu layun kariya kuma suka yi kasuwa. Al'adar da iyaye suka shekara ɗaruruwa suna ginawa, ta saukar da baƙo a zaure a ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa, tana iya tsagewa cikin mako guda. Musabaha sunna ce, kuma Suratul Hujurati ta umarci muminai su tantance labari kafin su cutar da wasu cikin jahilci.

Ba kowane mai ihu ne maƙaryaci ba. Firgici na sa jiki ya takure, mutum ya ji da gaske wani abu ya same shi. Kuma tsoron baƙo yana da inda ya samo taki: 'yan bindiga, masu garkuwa da mutane, tsadar rayuwa. Sai dai tsoro na gaskiya ma yana kashe marar laifi. A Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16 daga cikinsu.

Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, a Yunin 2024 kuma aka maido mata da hukuncin ɗauri. Amma alƙali sai bayan an yi jifa yake zama. Waɗanda ke kusa da wurin su ne masu iya tsayar da hannu. Gidajen rediyon Gaya su daina karanta saƙon da ba a san mai shi ba, in labari ya taso su kawo likita ya yi bayani da harshen gari. Limamai su taɓo batun a huɗuba tun kafin ya taso. Sarakunan tasha da shugabannin 'yan kwale-kwale na Gaya, Malanbil da Kamba su ajiye ƙa'ida ɗaya da kowane yaronsu ya sani: in aka yi ihu, a kewaye wanda ake zargi a kai shi hannun jami'an tsaro, mai ƙara kuma a wuce da shi asibiti.